Firam ɗin lambar mota: tarihin ɗan ƙaramin abu, daga Faris zuwa hanyar Ƙanƙara

Da wuya a samu abin da ido ke gani kullum a jikin mota amma hankali bai tsaya a kansa ba kamar ɗan firam ɗin nan na roba ko na ƙarfe da ke kewaye da lambarta. Wani baƙi ne sumul, wani yana ƙyalli kamar azurfa, wani kuma yana ɗauke da sunan dillalin motoci na wani gari a Amurka wanda mai motar bai taɓa jin labarinsa ba. Akwai kuma ƙannensa guda biyu: murfin roba mai duhu da ake kifawa a kan lambar, da rigar fata da ake suturta lambar manya da ita. Tambayar ita ce, shin firam ɗin yana da wani aiki, ko kwalliya ce kawai?

Amsar a taƙaice ita ce yana da aiki, amma kaɗan, kuma aikin nasa yana ƙarewa ne daidai inda ya fara cin rubutun lambar. Dalilin da ya sa wannan iyaka take da nauyi ba zai fito ba sai an koma ga tarihin lambar kanta, da kuma abin da take nufi ga mutanen da ke zaune a garuruwa irin su 'Yargoje, inda sanin wanda ya wuce a kan hanya yake iya zama batun rai da mutuwa.

Lamba don wanda ke waje aka yi ta

A watan Agustan 1893 ne hukumar 'yan sandan birnin Faris ta fitar da dokar da ta wajabta wa kowace mota ɗaukar allo mai nuna mai ita. Holan ta biyo baya a 1898 da tsari na ƙasa baki ɗaya. A Ingila kuwa, dokar motoci ta 1903 ce ta kawo lamba, ta fara aiki a farkon 1904. Hujjar duka ɗaya ce. Doki ko keken doki idan ya take mutum, jama'a na iya cim masa. Mota kuwa kafin a ɗaga wanda ta buge ta ɓace. Sai aka ga ya kamata ta riƙa yawo da sunanta a goshi da ƙeya, yadda ɗan sanda ko mai tafiya a ƙasa zai karanta daga nesa.

Wannan shi ne tushen maganar, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe shi. Mai mota ne ke biyan kuɗin lamba, amma ba domin shi aka yi ta ba. An yi ta ne domin wanda ke tsaye a bakin hanya.

A jihar Niyok ta Amurka, dokar 1901 ta bar wa mai mota ya ƙera lambarsa da kansa, ya rubuta haruffan farko na sunansa. Mutane suka riƙa yin ta da fata, da katako, da ƙarfe. Jihar Masacusets ce ta fara buga lamba da kanta a 1903, ƙarfe ne da aka yi wa rufin tangaran, mai kyau a ido amma mai saurin ɓantarewa idan dutse ya same shi. Shekaru da dama bayan haka kowace jiha tana buga nata girman, har zuwa 1956, lokacin da Amurka da Kanada da Meziko suka daidaita a kan girma ɗaya: inci 12 a tsawo, inci 6 a faɗi, da ramukan noti a wurare ƙayyadaddu. Da girma ya zama ɗaya, sai ƙera firam ya zama sana'a mai sauƙi, domin samfuri guda zai shiga kowace mota. Dillalan motoci suka gane cewa sun samu allon talla na kyauta: duk motar da suka sayar za ta yi shekaru tana yawo da sunansu, wanda ke bayanta a cunkoso kuma ba shi da abin karantawa sai shi.

Yadda girman Amurka ya zo Katsina

Dokar zirga-zirgar motoci ta farko a ƙasar nan ta fito a 1913, kuma kudu kaɗai ta shafa. A 1916, bayan haɗe Arewa da Kudu, aka yi wadda ta game ƙasa. A wancan zamani motocin da ke lardunan Arewa ba su wuce a ƙirga su ba: na Turawan mulki, na kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, sai na sarakuna irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda yake cikin sarakunan farko da suka rungumi mota. Motar da kowa ya san mai ita ba ta da buƙatar lamba sosai. Buƙatar ta taso ne da layin dogo ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci suka fara jigilar auduga daga ƙauyuka zuwa tasha, baƙin direbobi suka yawaita.

Waɗanda suka yi wayo kafin 1992 za su tuna tsohuwar lamba: baƙin allo da farin rubutu ga motar gida, da haruffan jiha a farko, KD na Kaduna, KN na Kano, SO na Sakkwato. Hukuma lambar kawai take ba mutum a takarda. Allon kuwa sai ya tafi wurin masu fenti da rubutun alluna na bakin titi su yi masa. Ke nan duk mai ɗan kuɗi kaɗan zai iya sa a rubuta masa kowace lamba ya ga dama, kuma ɓarayin mota sun san haka sarai.

Abubuwa biyu suka faru a jere. A ranar 23 ga Satumba 1987 aka cire jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna. A Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Wannan hukuma ce ta kawo lamba ta bai ɗaya a 1992: allon alminiyam mai ɗaukar haske, wanda gwamnati ke bugawa, da tutar ƙasa a kusurwa, da sunan jiha da kirarinta a sama, da sunan Tarayyar Nijeriya a ƙasa. Launin rubutu ya zama shaida: shuɗi na motar gida, ja na motar haya, kore na gwamnati. Aka kuma sa haruffa uku masu nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, KTN na Katsina, FTA na Funtuwa, KKR na Ƙanƙara, FSK na Faskari. A tsarin 1992 haruffan nan a ƙarshe suke. Gyaran da aka ƙaddamar a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ya dawo da su farko, ya kuma sa taswirar ƙasa a bayan rubutun.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne girman da aka zaɓa. Nijeriya ta ɗauki girman Amurka, wato kimanin santimita 30 da 15, alhali Turai da yawancin maƙwabtanmu suna amfani da doguwar lamba mai kimanin santimita 52 da 11. Wannan zaɓi shi ya buɗe wa firam ƙofa ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko, motocin da aka yi amfani da su a Amurka, irin su Camry da Corolla da Accord, suna saukowa daga jirgin ruwa da firam ɗinsu na asali, kuma lambarmu tana shiga cikinsa cif-cif. Shi ya sa za a ga mota a Funtuwa tana tallar dillalin da ke Teksas. Hanya ta biyu, motocin Turai da aka daɗe ana shigowa da su ta Kwatano, wasu ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, an ƙera mazaunin lambarsu ne domin doguwar lamba. Golf da Sharon da Vectra, waɗanda su ne ƙashin bayan haya tsakanin garuruwan kudancin Katsina, ramukan notinsu ba su dace da lambarmu ba. Ko dai a huda sabon rami a jikin motar, ko a huda lambar a inda bai kamata ba, ko a nemi wani abu da zai shiga tsakani. A nan firam mai faranti a baya yake yin aiki na gaskiya.

Abin da firam ke yi, da abin da ba ya yi

Idan aka auna shi da adalci, firam yana da amfani huɗu. Lambarmu siririn alminiyam ce, hannu ma yana lanƙwasa ta; firam yana riƙe gefunanta kada su naɗe idan mai wanki ya goga ko akuya ta jingina. Na biyu, yana rage ƙara da girgiza. Lambar da aka ɗaure da noti biyu na sama kaɗai tana kaɗawa a kan hanya mai gargada, tana dukan fenti, ramin noti yana faɗaɗa a hankali har wata rana ta faɗi ba a sani ba. Duk direban da ke bin hanyoyin ƙauyukan Sabuwa da Faskari da damina ya san wannan, kuma neman sabuwar lamba bayan ta ɓata ɗawainiya ce ta rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da sabon biya. Na uku, yana rufe kaifin gefen allon. Na huɗu shi ne wanda aka ambata, daidaita lamba da motar da ba domin ta aka ƙera ba.

Abin da ba ya yi kuma ya fi yawa. Ba ya hana sata, domin notin da ya ɗaure lambar shi ya ɗaure firam ɗin, sukundireba ɗaya ce ke kwance su. Ba ya hana rana cin launi, domin fuskar lambar a buɗe take. Yakan ma tara ƙura da danshi a bayansa, noti ya yi tsatsa ya kafe. Kuma duk amfanin nan huɗu ana samun su da noti huɗu maimakon biyu, da 'yar roba a bayan allon. Wato firam taimako ne, ba larura ba.

Murfin roba kuwa, wanda masu sayarwa ke cewa yana kare lamba daga koɗewa, hujjarsa ta fi ta firam ƙarfi a baki amma ta fi rauni a aikace. Gaskiya ne lambobinmu suna koɗewa, har ta kai wani lauya ya kai Hukumar Kiyaye Haɗurra ƙara, kuma a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta hana hukumar cin tarar direbobi saboda koɗaɗɗiyar lamba, tunda ita ce ta buga ta. Sai dai robar da aka kifa tana dusashewa da rana fiye da lambar, ƙura tana shiga tsakani, da dare kuma fitilar motar baya tana dawowa daga jikinta ta makantar da mai karatu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan kuma robar mai duhu ce tun asali, to ba kariya aka nufa da ita ba.

Inda kotuna suka ja layi

A Amurka, inda firam ya samo asali, gardamar ta kai kotuna. A 1977 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke wa wani mutumin jihar Niyu Hamsha, George Maynard, hukuncin cewa yana da 'yancin rufe kirarin jihar da ke kan lambarsa saboda ya saɓa wa aƙidarsa. Lambar ce ta hukuma, kirarin kuwa ba za a tilasta wa mutum ɗaukarsa ba. A 2021 Kotun Ƙolin jihar Niyu Jazi ta duba ƙararraki biyu na direbobin da 'yan sanda suka tsayar saboda firam ya taɓa kirarin jihar. A wadda firam ya ci ɗan gefen haruffa amma ana iya karantawa, kotu ta ce tsayarwar ba ta halatta ba. A wadda ya rufe kalmomin gaba ɗaya, ta ce ta halatta. Ma'aunin dai shi ne na Faris na 1893: shin wanda ke waje zai iya karantawa?

Wannan ma'auni ya fi ciwo a lambarmu, saboda sunan jiha yana can sama daf da gefe, daidai inda firam mai faɗi yake sauka. Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun wajabta lamba ta kasance a bayyane gaba da baya, kuma rufe ta laifi ne mai tara. Akwai kuma ɗaya fuskar da kotun Niyu Jazi ta hango: dokar da kusan kowa ke karyawa ba da niyya ba takan zama ƙofar da jami'i zai tsayar da duk wanda ya ga dama. Direbobin hanyar Funtuwa zuwa Zariya ba sai an yi musu bayanin wannan ba.

Rigar fata da mulki

Rufe lamba da fata yana da asali mai ma'ana. A al'adar soja, motar janar tana ɗauke da allo mai taurari, kuma idan ba ya ciki ana rufe allon, ana naɗe tuta, domin kada a sara wa motar da babu kowa. Gidajen gwamnati suka gaji wannan ga lambobin ofis masu tambari. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, al'adar ta sauko daga gwamna zuwa kwamishina, zuwa shugaban ƙaramar hukuma, zuwa mai ba shi shawara, har zuwa duk wanda ya mallaki baƙar jif da baƙin gilashi. Ma'anar kuma ta juye. Da, rufin yana cewa mai girma ba ya ciki. Yanzu yana cewa wanda ke ciki ya fi ƙarfin a tambaye shi.

Sufetocin 'yan sanda sun sha ba da umarnin kama masu rufaffiyar lamba, musamman gabanin zaɓe, kuma a 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya haramta lambobin SPY da kamfanoni da masu hali ke fakewa da su. Yawan maimaita umarnin shi kansa shaida ne cewa ba ya ɗorewa. Ƙaramin jami'in da ke shingen bincike ya san cewa rufaffiyar lamba tana iya zama ta wanda zai sa a canza masa wurin aiki kafin gari ya waye, don haka sai ya ɗaga hannu ya buɗe hanya. Mai ɗauke da makami ko kuɗin fansa shi ma ya san haka.

Hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme

A ƙarshen Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar taƙaita matsalar tsaro. Ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana goyon mutum uku a babur, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ta kuma hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Game da hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, wadda ta ratsa yankin 'Yargoje, dokar ta hana motocin haya bin ta, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta bar motocin gida kaɗai.

A duba wannan sharaɗi da kyau. Jami'in da ke bakin hanya, da me zai bambance motar haya da ta gida kafin ta iso gare shi? Da launin lamba, ja ko shuɗi. Ga doka ta tsaro sukutum ta jingina a kan 'yan haruffa masu launi, waɗanda murfi mai duhu ke iya shafewa, kuma da yawan masu haya dama da shuɗiyar lamba suke aiki. Wannan ya nuna yadda gwamnati ke dogaro da allon nan a ranar da ta shiga uku, alhali a ranakun zaman lafiya ba ta damu da ingancinsa ba.

Amma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, waɗanda suka addabi wannan yanki ba a mota suke zuwa ba. A babura aka je Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka kora yara fiye da 300 cikin daji. A babura aka shiga 'Yargoje a watan Yunin 2024, inda mazauna garin suka shaida wa manema labarai cewa waɗanda aka kashe sun kai 50. Baburan nan ba su da lamba, balle firam. Kuma ba su kaɗai ba: akasarin baburan da manoma da 'yan acaɓa ke hawa a ƙauyukanmu ana fitar da su daga shago a hau, ba tare da sun taɓa shiga littafin hukuma ba. Da a ce kowane babur sai da lamba yake barin hannun dillali, da wanda aka kama a daji zai iya faɗin wanda ya saye shi da inda aka sayar. Tunda ba haka ba ne, sai gwamnatoci suka koma hukunta babur gaba ɗaya, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Idan hukuma ta kasa bambance babur ɗaya daga wani, mai kai matarsa asibiti da dare shi ke biyan bashin ɗan bindiga.

Lamba kuma ba ta da amfani sai da littafin da ke bayanta. Mota takan sauya hannu sau uku ko huɗu, takardunta na nan da sunan mai ita na farko. Haruffan KKR ba sa nufin mai motar ɗan Ƙanƙara ne. Suna nufin a can aka samu lamba a ranar da aka nema. Mutane da yawa a Arewa sun fi son lambar Abuja ko Legas saboda daraja ko saboda sauƙin sayarwa, kuɗin rajistar kuma ya tafi jihar da motar ba ta taɓa takawa ba.

Hukunci

Ga mai motar da ke tsaye gaban mai kayan kwalliya yana shawara, maganar ba ta da wahala. Siririn firam da ya bar sunan jiha da haruffa da launinsu a fili ba ya cutar da kowa, kuma a kan hanyoyinmu yana iya tsawaita ran lambar. Wanda ya ci sunan jiha a cire shi. Na dillalin Teksas kuwa talla ce ake yi wa wanda bai biya ba. Murfi mai duhu da rigar fata ba su da wata hujja da ta rage.

Ga hukuma kuwa, aikin ya fi tsayar da direba a karɓi tara. A buga lambar da ba ta koɗewa, a sauƙaƙa rajistar babur har a hedikwatar ƙaramar hukuma, a wajabta sauya suna idan an yi ciniki, sannan a fara kwance rigar fata daga ayarin manya kafin a zo kan Golf ɗin tasha. Sharaɗin da aka gindaya a Faris shekaru fiye da 130 da suka wuce bai canza ba: duk wanda aka ba damar tuƙa abin da zai iya kashe mutum a kan hanyar jama'a, dole ya yarda jama'a su san shi. Mutanen 'Yargoje da Faskari da Sabuwa suna da haƙƙin su ga an cika wannan sharaɗi a kan duk abin da ya bi ta gabansu, mai ƙafa biyu ne ko mai huɗu.